Turmin da Maiturare ta ɓoye

Duk ƙauyensu, can kusa da Bagega, an san ɗakin Maiturare da fili. Sauran mata na gasar jeren kwanoni har su taɓo rufi, ita kuwa kayanta ba su fi a ƙirga da yatsu ba: randa ɗaya ginin hannu, akushi, ƴan faya-fayai, tukunyar ƙasa, sai turmi. In an tsokane ta da rowa sai ta yi dariya ta ce, da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara. Gaskiya ce kuma, don robobin maƙwabta sun sha fashewa ana sauyawa, nata na nan daram.

Turmin nan shi ne abin taƙamarta. Mahaifinta, Manu masassaƙi, shi ya sare shi daga kututturen ƙirya da za ta yi aure, ya ce mata zai kai jikoki. Baƙi ne wuluk, mai nauyi, in ana daka a cikinsa har bayan gari ana jin amonsa.

Shekarar da zinari ya ɓulla, maza suka riƙa kwaso duwatsu cikin gidaje ana dakawa. Turamen mutane suka yi ta darewa. Mijinta Balarabe ya roƙi aron nata, ta ba shi, har da ɗan fahari. Rani guda ana dakan dutse a cikinsa, ko gezau bai yi ba. Da aka gama ta wanke shi da toka da ruwan zafi, ta ce shi ke nan.

Sai yara suka fara mutuwa. Ma'aikatan lafiya suka zo suka ce gubar dalma ce da ke cikin duwatsun. Aka kankare ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa, aka ce duk abin da ya taɓa dutsen a fito da shi a binne. Mata suka fito da turame da buhuna. Maiturare ta dubi nata, ta ga sawun gizagon mahaifinta a gindinsa, ga shi tsohon ya riga ya rasu. Zuciyarta ta kasa. Ta mirgina shi cikin rumbu ta rufe da kara, tana ce wa kanta ai ta wanke shi tas, wace guba ce za ta gagari toka? Ƴarta tilo, Lubabatu, ta yi wayo lokacin, ciwon bai taɓa ta ba, wannan ma ya ƙara kwantar mata da hankali.

Shekaru suka shuɗe. Da aka ɗaura wa Lubabatu aure a Gummi, inda ba a san haƙar zinari ba sai noman shinkafa da kamun kifi, Maiturare ta ƙi sayen tarkacen kasuwa. Ta ciro turmin, ta shafe shi da man shanu, ta ɗora a mota.

"Wanga ya hi miki kwano ɗari," in ji ta. "Ki riƙe shi da kyau."

Lubabatu ta riƙe kuwa. A cikinsa take dakan gero da yaji, a cikinsa ta daka kunun yaye da Allah ya ba ta Hamdiyya. Yarinyar ta taso da son ƙarar tabarya. Da ta ji an buga sai ta dafa bango ta miƙe tana rausaya, tana tafi, mutanen gida na dariya. Maiturare ta gani da idonta da ta je ziyara, ta ji daɗi har ta yi ƙwalla.

Bayan damina aka aiko mata cewa Hamdiyya ba lafiya. Amai, sanƙarewa, idanu na juyewa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta asibitin gari, daga can aka tura su Anka. Maiturare ta iske su a nan. Tana ganin yadda yarinyar ke fizga ta gane irin wannan fizgar, ta gan ta a jikin ƴaƴan maƙwabta.

Ma'aikacin da ya auna jinin, wani mai suna Junaidu, ya zauna da su yana mamaki, don ya ga gubar dalma a ciki.

"Daga Gummi kunka ce? Babanta na haƙar zinari?"

"Manomi na," in ji Lubabatu. "Ko dutsen bai taɓa gani ba."

"To akwai wani abu cikin gida da ya hito daga wajen masu haƙa? Buhu, tabarma, turmi?"

Lubabatu ta juyo a hankali ta dubi uwarta. Maiturare ta kawar da kai. Da Junaidu ya ji labarin turmin bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin sauƙi. Ya bayyana musu cewa garin dalma na shigewa cikin tsagar itace ya zauna, wanki ba ya fitar da shi, kowane bugun tabarya kuma na sako kaɗan cikin abinci. Manya na iya ɗauka, ƙananan yara ba sa iyawa. Ya ce magani zai rage gubar a jini, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa sai dai addu'a. Za a aiko a ɗauke turmin, kafin nan kada kowa ya yi amfani da shi.

Suka koma Gummi da yarinya a kafaɗa, da rai amma shiru. Ba ta dariya, ba ta miƙa hannu. Sai da suka shiga gida Lubabatu ta shimfiɗe ƴar a tabarma, ta ce, "Inna, kin sani?"

"Na wanke shi, ɗiyata. Wallahi na wanke shi."

Lubabatu ta sunkuyar da kai kawai. Babu abin da ya taɓa yi wa Maiturare ciwo kamar wannan shirun. Ta rasa wanda za ta roƙa, ta rasa abin da za ta mayar. Ta hango turmin a gindin bango yana sheƙi, ta kasa jiran masu zuwa ɗauka. Ta fizgi gatarin faskare ta kai masa sara.

Gatarin ya yi tsalle ya dawo. Ta sake, ta sake. Amon ƙiryar ya cika gidan, irin amon nan na daka da ake ji har bayan gari. Sai ta ga Lubabatu ta ɗago da sauri tana duban tabarma. Maiturare ta fahimci abin da take jira, ita ma ta tsaya da gatari a hannu ta duba. Ta ƙara bugawa, a hankali wannan karon, da salon tabarya.

Hamdiyya ba ta juyo ba. Turmin kuwa ko tsagewa bai yi ba.