Kafin Maigidan Ya Dawo

Ni fa ban yarda da tubar Baba ba, kada ma in ɓoye muku. Mutumin da ya shekara talatin yana rufe shagonsa na kafinta ya zarce gidan giya, ya dawo ya sauke mayensa a jikin Mama, shi ne wai yau ya karɓi Yesu? Tabɗi! Da ƙanwata ta faɗa mini, cewa na yi a ba shi sati biyu mu gani.

Sati biyu ya zama wata tara, ko ɗigo bai kai bakinsa ba. Hannunsa ya daina rawa, har bencinan coci ya bi ya gyara. Da baftismarsa ta matso, fasto ya ce ya nemi duk wanda ya cuta ya roƙi gafara baki da baki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har maƙwabcin da ya taɓa fasa wa gilashin mota. Mama kaɗai ta rage, ita kuwa tana wurina tun da ciwon mantuwa ya kama ta. Wani lokacin ni kaina Yaya take ce mini.

Ranar Asabar da hantsi ya zo cikin farar riga gogaggiya, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman aiki.

"Uwata, in shigo?"

"Wa ya hana ka?" na ce, ko kujera ban ba shi ba.

Mama na zaune jikin taga tana ninke tsummokaran kicin, ta warware ta sake ninkewa. Ya durƙusa gabanta da furfurarsa, ya shiga faɗin abin da ya yi mata. Haƙorinta na gaba da ya karya. Ranar da ya watso mata kaya waje cikin ruwan sama. Da cikin wata biyar da ya zube, wanda ni sai ranar na ji labarinsa.

Ta saurare shi tsaf, sannan ta dafa kafaɗarsa.

"Ayya, bawan Allah, daina kuka. Allah ya yafe mana duka."

Na ga fuskarsa ta washe. Sai ta waiga wajen ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Amma ka tashi ka tafi, ka ji? Maigidana ya kusa dawowa. In ya sha ya tarar da baƙo, na shiga uku."

Ya daɗe a durƙushe. Can ya miƙe da ƙyar.

"To, zan tafi. Ki kwantar da hankalinki."

Na raka shi har bakin titi, ni da na rantse ba zan yi ba. Raina a ɓace, ga kuma tausayinsa ya kama ni. Yana kallon ƙasa ya ce, "Kullum haka take jiransa?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi.

"Kullum, Baba. Da yamma ta yi sai ta ce in ɓuya a bayanta."