Buhu Huɗu na Baƙar Ƙasa

Yana cikin ja da baya da tipa, idonsa a madubin gefe, sai Dogo mai tuƙa katafila ya leƙo daga sama ya ɗaga masa hannu.

"Sannu-Sannu, kashe motar nan! Malama ta dawo da bindigarta."

Sannu-Sannu suke kiransa a wurin aiki, don ko hanya babu kowa ba ya gudu. Ya kashe injin, ya sauko yana gyara hular kwano. Wata biyar ke nan suna kwashe ƙasar tsohuwar masana'antar batir, inda za a gina gidaje. Aikin yana da tsari: inda aka kafa jar tuta, ƙasar ta gurɓace, sai a loda a kai wurin da ake kashe mata guba. Inda aka kafa koriya, lafiyayya ce, a nan za a bar ta a yi ciko da ita.

Can bayan tsohon sito ya hango Malama mai awo a durƙushe. Ta dafa na'urarta mai kama da bindiga a kan ƙasa, ta duba lamba, ta rubuta. Sai ta miƙe ta tsige koriyar tuta, ta kafa ja. Ta matsa gaba ta sake tsige wata. Yana tsaye yana kallo har ta tsige guda shida.

Aka tara su a rumfar kwano inda suke cin abinci.

"An yi kuskure a awon farko," in ji Malama. "Sama-sama aka auna. Baƙar ƙasar nan ta bayan sito ta fi ko'ina dalma. A nan suke zubar da tokar tukunyar narka batir, shekara da shekaru."

Dogo ya yi dariya. "Haba Malama, ƙasar da ko wari ba ta yi? Ni fa a kanta nake shimfiɗa kwali in yi barcin rana."

"Shi ya sa kullum kake mantuwa da makullinka," wani ya ce daga baya. Aka kwashe da dariya.

Malama ba ta yi dariya ba. "Dalma ba ta wari, ba ta ɗaci. Babba ma tana cutar da shi, amma yaro ƙarami ta fi yi wa ɓarna. Ya taɓa ƙasa, ya kai hannu baki, ta shiga jini a hankali, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a gani sai an gwada jini. Don haka nake tambaya: akwai wanda ya taɓa fita da ƙasar nan daga wurin nan? Ko kaɗan ne?"

Shugaban aiki ya gyara tsayuwa. "Kowa ya sa hannu a takarda ranar da aka ɗauke shi. Ko cikin cokali ba a fita da shi. Wanda ya yi, ya ajiye min makulli."

"Ni ba kora na zo yi ba," in ji Malama.

"Ni kuwa tana cikin aikina."

Sannu-Sannu ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa.

Shi ɗan manomi ne. Tun yana yaro ya san ƙasa da hannu: a damƙa, a murza, a shinshina. Ta wajen tankunan mai da ke ɗoyi tana maiƙo, ko kyauta aka ba shi ba zai karɓa ba. Amma ta bayan sito baƙa ce, mai laushi, irin wadda mahaifinsa zai tsaya ya yaba. Wata biyu da suka wuce, ranar da famfon wanke motoci ya lalace, ragowar wadda ya yi jigila zuwa wurin ciko ta maƙale a kusurwar bayan tipa. Koriyar tuta ce a kanta a lokacin. Ya kankare ta da shebur, ta cika buhu huɗu.

Akwai wani kwari a ƙofar ɗakinsa na haya inda ruwa ke kwanciya, sauro ya yi ta ƙyanƙyasa. Sau biyu zazzaɓi yana kwantar da 'yarsa. Saboda ita ya cike kwarin, ya daddaɓe, ya kewaye da bulo. Shekararta huɗu da 'yan watanni. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka Uwata yake kiranta. Tun da matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, su biyu ne a ɗakin. In ya fita aiki, Inna, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe, ita ke duba ta. Kuma tun ranar da ya cike wurin nan, ya zama ɗakin girkin Uwata. A nan take wuni da gwangwanayenta.

Aka loda masa mota. Ya ja tamfol ya rufe, aka wanke tayoyi a bakin ƙofa, aka ba shi takardar kaya. Tafiyar awa ɗaya ce zuwa wurin kashe guba. Bai kunna rediyo ba. A hanya ya tsaya gefe ya kira yayansa, wanda ke da shago a wani gari.

"Yaya, akwai maganar da nake so mu yi."

"Lafiya dai? Yarinya lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Wato..."

"To bari in sallami mutane, zan kira ka."

Ya riƙe wayar a hannu na ɗan lokaci, sannan ya ajiye ta a kujerar da babu kowa.

A wurin kashe guba ya hau sikeli, ya wuce ya juye kayan a kan daɓen siminti. Ya sha zuwa nan, amma yau ne ya tsaya ya kalla da kyau. Wata babbar na'ura tana cakuɗa ƙasar da siminti da farar ƙasa da ruwa, har ta zama kamar kwaɓin gini, don dalmar ta ɗaure kada ruwan sama ya wanke ta. Daga nan sai a kai ta wani rami mai faɗin filin ƙwallo, an shimfiɗe shi da baƙar leda mai kauri, a binne. Masu aikin duk cikin fararen kaya suke tun daga kai har ƙafa, da takunkumi da safar hannu. Duk wannan wahalar, saboda ƙasar da shi ya ɗauka a kafaɗa ya kai ƙofar ɗakinsa.

Mai tsaron ƙofa yana fesa wa tayoyinsa ruwa, sai Sannu-Sannu ya leƙo ta taga.

"Ɗan'uwa, in tambaye ka. In irin wannan ta zube a wani wuri, misali a tsakar gida, ana iya kwashe ta tas?"

Mutumin ya ja takunkumi ƙasa. "Ana iyawa, in ba ta bazu ba. A jiƙa ta, a kwashe har da ta ƙarƙashinta. Abin da ba a so shi ne tsintsiya. Shara ita ke kai ta ko'ina. A ina ta zube?"

"A'a, tambaya ce kawai."

"To Allah ya sa."

Kowace safiya Inna sai ta share tsakar gidan nan, tun daga ƙofarsa har bakin waje.

A hanyar dawowa ya tsara abin da zai yi. Zai koma gida da buhuna, ya kwashe ta duka, gobe da sassafe ya zuba a bayan tipa kafin a loda. Buhu huɗu ya fita da su, buhu huɗu zai mayar. Babu wanda zai sani, aikinsa yana nan, haya da kuɗin makarantar da yake son sa ta baɗi suna nan. Ya maimaita wa kansa wannan sau da yawa, har ya fara jin sauƙi.

Da aka tashi aiki ya ajiye mota, ya naɗe buhuna biyar a hammata, ya hau bas. Rana ba ta faɗi ba ya isa gida.

Tana nan inda ya san zai same ta, a zaune dirshan, ƙafafu a miƙe, gwangwanaye uku a gabanta.

"Baba! Na dafa maka. Zo ka ci, da zafinsa."

Ta ɗebo kwaɓaɓɓiyar ƙasa a murfin kwalba ta miƙo. Kullum yakan durƙusa ya yi kamar yana ci, ya ce gishiri ya yi kaɗan, ta ƙara masa. Yau sai ya ga baƙi-baƙi a gefen bakinta.

Ya fizge murfin ya yar. Ya sure ta sama ya nufi famfo, ya shiga wanke mata hannu da sabulu, yana cuɗawa, yana tone ƙarƙashin farce. Ta tsala ihu.

"Baba da zafi! Ban yi komai ba!"

"Na sani, Uwata. Buɗe bakin. Tofar. Sake tofarwa."

Inna ta fito tana ɗaura ɗankwali. "Kai ɗan nan, fatar za ka cire mata? Me ta yi maka daga dawowarka?"

"Inna, tana cin ƙasar nan ne?"

"Wane yaro ne ba ya lasa? Kai ba ka ci ba da kana ƙarami, ga ka ƙato? Abinci ne dai ba ta ci sosai kwana biyun nan, wai cikinta. Na ba ta ruwan ɗumi."

Ya zaunar da yarinyar a kan kujera cikin ɗaki, ya ce kada ta sauko. Ya ɗauko shebur, ya yayyafa ruwa, ya fara haƙa. Sai a lokacin ya lura wurin ya ragu. Bulo biyu sun kauce, gefe ɗaya an yanke shi kamar da wuƙa. Ya kwashe duk abin da ke wurin har ya taɓo jar ƙasar asali. Buhu biyu da rabi.

"Inna, ina sauran?"

"Sauran me? Au, ƙasar? Ai ta yi albarka. Matar tela ta ɗiba ta zuba wa furanninta. Mai gidan hayar nan ya kwashi bokiti biyu ya cike ramin nan na hanyar shigowa, ka ga yanzu ba ma taka ruwa. Ni ma na ɗan ɗiba a tsohon bahona. Kowa sai sa maka albarka yake."

Ya jingina shebur da bango. Ya bi tsakar gidan da kallo. A jikin kowane bango akwai siririn layin baƙar ƙasa inda tsintsiya ta tura ta. Ga ta a bakin magudana, ga ta a ƙarƙashin igiyar shanya, ga sawun ƙananan ƙafafu sun shiga da ita ɗakuna. Ɗaki takwas ne a gidan. A ƙofofin ya ga takalman yara a zube, ƙanana da manya, har da na ɗan tela wanda bai daɗe da fara tafiya ba, wanda rabin tafiyarsa rarrafe ne.

Ya shiga ɗaki. Uwata tana kan kujera yadda ya bar ta, tana shessheka, ƙafafunta suna lilo ba su kai ƙasa ba. Ya zauna a bakin gado ya ciro katin aiki daga aljihu. A bayansa akwai lambar Malama. Ya daɗe yana kallon lambar. Yayansa bai kira ba.

Bugu biyu ta ɗauka.

"Malama, direban tipa ne. Wanda ake ce wa Sannu-Sannu."

"Na gane ka. Lafiya?"

"Tambayar da kika yi da safe." Ya dubi Uwata. "Ni ne. Buhu huɗu. Ta bayan sito."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Akwai yara a gidan?"

"Tawa ɗaya. Da na maƙwabta... za su kai tara."

Ya ji tana rubutu. "To ka saurara. Kada kowa ya sake shara. Ku jiƙa tsakar gidan da ruwa. Yara su zauna a ɗaki, a wanke musu hannu kafin su ci komai. Abin da aka shuka a ƙasar kada a ci. Gobe da safe zan zo da ma'aikata, kuma duk yaran za a kai su a gwada jini. Wata biyu ba shekara biyu ba ne, ka ji? Gara da ka kira yau."

"Na ji."

"Amma sai na rubuta inda ta fito, da wanda ya kawo ta. Ba zan iya ɓoyewa ba."

"Na sani. Ki rubuta."

"Mutanen gidan sun sani?"

"A'a."

"Kai za ka gaya musu, ko in na zo in gaya musu?"

Ya dubi ƙofa. "Ni na kawo. Ni zan gaya musu."

Ya kashe wayar. Ya ɗauki Uwata ya saɓa a kafaɗa, ta kwantar da kai a wuyansa, har yanzu tana fushi. Ya fito tsakar gida. Ana ta hidimar yamma, kowa a ɗakinsa, ana jin ƙarar keken tela da rediyon wani. Shekara shida yana gidan nan, gaisuwa ce kawai ke haɗa shi da yawancinsu. Bai san ta wace ƙofa zai fara ba.

Sai ga Inna ta taho da sauri-saurinta na tsufa, hannunta a dunƙule a ƙirji, fuskarta cike da murmushi.

"Kai da ka dawo da fushi, ungo ka huce. Na farko ke nan da suka nuna a bahon. Na ce ba wanda zai taɓa sai mai ƙasa."

Tumatir ne guda uku, ƙanana, jajur. Uwata ta ɗago kai ta miƙa hannu. Ya riga ta karɓa, ya zura su a aljihun riga, ya dafe aljihun da tafinsa.

"Na gode, Inna," ya ce. "Ki zauna a nan. Bari in ƙwanƙwasa wa tela."