Damin da Dijatu ta kai

Tun da hantsi muke zaune ƙofar maigari. Gonar yayana Sahabi ake shari'a a kanta, gonar da ke ciyar da gidanmu tun ban san kaina ba. In ta tafi, ba mu da ko taƙi ɗaya a ƙasar Kurfai.

Wanda ya kawo ƙarar Kamal ne, ɗan ƙanen marigayi Ɗangoma. Daga Yamai ya zo da takalmi mai ƙyalli, bakinsa ba ya faɗin komai sai hekta. Hekta kaza, hekta kaza! Mu dai mun san gonar daga babban gawo ta fara, ta bi layin ciyawar gamba, ta tsaya a bakin kwari. Wai shi aro ne Ɗangoma ya ba babanmu Mamane, yanzu magaji ya zo karɓar abinsa. Mu kuwa mun ce kyauta ce.

Kowa a wurin ya san bambancin. Gonar aro, kowace kaka sai ka ɗaure damin hatsi ka kai gidan mai ita, don kada 'ya'yanka su manta ba taku ba ce. Gonar kyauta kuwa ba dami, sai godiya.

Maigari ya dubi yayana. "Sahabi, kun taɓa kai dami gidan Ɗangoma?"

"Ranka ya daɗe, ko zangarniya ɗaya. Babana bai kai ba, ni ban kai ba. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Na ji sanyi a raina. Dattawa suka gyaɗa kai, har wani ya fara laluben takalminsa. Amma Kamal ko gezau, murmushi ma yake yi, ɗan banza. Ya ce a kira Inna Tani.

Tani matar Ɗangoma ce, tsohuwa tukuf, Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun da mijinta ya rasu dangin suka watsar da ita, shi kansa Kamal ɗin ko sabulu bai taɓa aiko mata ba. Ta zo da sandarta ta zauna gefen mata, kusa da Dijatu matar Sahabi. Sai na ga Dijatu ta sunkuyar da kai.

"Inna," in ji maigari, "ba sai na sa ki rantsuwa ba. Dami yana shiga gidanki daga gonar nan?"

Tsohuwa ta gyara riƙon sandarta. Ta dubi ƙasa, ta dubi Kamal, ta ce, "Kai dai Allah ya isa tsakanina da kai." Maigari ya sake tambaya, a hankali.

"Shina shiga," ta ce. "Tun rasuwar maigidana, kowace kaka."

Wuri ya ɗauki salati. Sahabi ya zabura tsaye. "Ƙarya ne! Wa ya kai?"

"Ni ce, Malam."

Muryar Dijatu ce. Ta ce in an gama girbi Sahabi yakan tafi cin rani, ita kuwa sai ta ga rumbun Inna wayam, tsohuwa na dafa ganyen tafasa ba ko gari a ciki. Shi ne takan zaro dami ɗaya daga rumbu ta ɗora a kai ta kai mata. Don Allah ta yi, wallahi ba ta taɓa kawo zancen aro a ranta ba.

"Hatsin nan shi ya riƙe ni da rai," Tani ta ce tana kuka. "Ba haƙƙin gona ba ne, tausai ne!"

Kamal ya buɗe hannuwa. "Ni ban san tausayi ba. Dami ne ko ba dami ba? Ɗaurarre, daga gonar, zuwa gidan Ɗangoma, gari duka na gani?"

Na so in tashi in shaƙe shi. Na duba fuskokin dattawa ina neman wanda zai yi magana, kowa ya kau da kai. Matansu duk sun sha ganin Dijatu da damin nan a ka, ba mai iya cewa bai sani ba.

Maigari ya daɗe yana shafa gemu. Da ya buɗe baki, bai dubi kowa ba. Ya ce shi bai ga zuciyar mutum ba, abin da aka gani da ido shi zai bi. Gona aro ce. Sahabi ya girbe abin da ya shuka bana, daga nan ya ɗauke hannunsa.

Mutane suka watse sumui-sumui. Dijatu ta rarrafo ta durƙusa gaban mijinta. Na matso kusa don na ɗauka dukanta zai yi. Bai ɗaga hannu ba, hawaye ne kawai ke bin gemunsa.

"Da kin tambaye ni, da na ce ki kai mata fiye da haka," ya ce. "Amma ki sussuke shi, Dijatu. Ki zuba a ƙwarya. A ƙwarya ake kai sadaka!"