Wiebe a Kan Ƙanƙara

Ranar da kogin garinmu ya daskare, ni da yayana Wiebe muka ajiye mota a bakin kogin, muka ɗaura takalman zamiya a kan ƙanƙara, muka kama hanya bisa kogin. Ya haura sittin, yana da ciwon sukari, kuma ba ya son a tuna masa. Da safe ya yi allurarsa, ya ce zai karya a hanya.

Mun yi nisa da gidaje sai na ga ƙafafunsa suna harɗewa.

"Wiebe, ka ci wani abu kuwa?"

"Ke uwata ce? Ji da kanki, agwagwa kawai."

Zagin bai dame ni ba, mun saba. Muryar ce ta tsorata ni, tana fita kamar ta mashayi, ga gumi a goshinsa cikin wannan sanyi. Likitansa ya taɓa yi mini bayani. Kowace ƙwayar halitta a jiki sukari take ƙonawa ta sami ƙarfi, amma ƙwaƙwalwa ba ta da ajiya kamar tsoka, sai abin da jini ya kawo mata. To ƙafafu sun cinye sukarin jininsa, allura ta kwashe saura.

Na miƙa masa alewa. Ya doke hannuna, ta zame can nesa. Sai ya juya ya nufi ƙarƙashin gada, inda ƙanƙarar ba ta da kauri.

"Yaya, tsaya! Ruwa ne a can!"

Ko waiwaye bai yi ba. Na bi shi, na cafko rigarsa, muka zube tare. Ƙanƙarar ta yi ƙara a ƙarƙashinmu, tsaga ta bi ta gefen kunnena. Ban motsa ba sai hannu ɗaya. Na laluba aljihu na ciro 'yar ledar zuma, na fasa da haƙori. Ya datse baki. Na cusa yatsa ta gefe ina shafa masa a dasashi, yana cizona, ina kuka ina zaginsa.

Ruwa ya fara jiƙa mini gwiwa kafin idanunsa suka dawo daidai.

"Sjoukje, me muke yi a kwance?"

"Kada ka tashi. Ja ciki, bi ni."

Da jan ciki muka kai gaɓa. A wani gidan gona aka ba mu miyar wake mai zafi, ya sha. Da ɗan manomin ya mayar da mu inda muka ajiye mota, Wiebe ya daɗe yana kallon yatsana, sannan ya miƙo mini makullin motar.

"Ke za ki tuƙa."