Ɗorawar Matar Kumai

A shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, mutanen Kafanchan suka gano ashe cikinsu bai taɓa son koko ba, burodi yake so. Gidajen burodi suka yawaita, tanda kuwa itace take ci. Ta haka idon Alhaji Sambo, mai gidan burodi a bayan tashar jirgi, ya faɗa kan ɗorawar Afiniki.

Ɗorawar tana tsakiyar gonar mijinta, marigayi Kumai, a wani ƙauye kan hanyar Kachia. Da kalwarta Afiniki ke yin daddawa, da daddawar take riƙe gida. Ranar da Alhaji ya turo masu gatari, ta zauna a gindin bishiyar ta ce sai dai su fara da ita. Maƙwabta suka fito daga gonaki da fartanya a kafaɗa, don a bakin aiki ihunta ya same su. Masu gatari suka koma, Alhaji ya kai ƙara.

Kafin labarin ya isa gaban alƙali, ya yi wanka ya sa riga. Waɗanda suka zo da gatari bayin Allah ne da aka aika aiki. Waɗanda suka zo da fartanya ƙabilu ne suka yi taron dangi da makamai. Afiniki ta daɗe tana jin wannan kalma a kasuwa. Kowa a can yana da yare da dangi, amma waɗansu mutane ne, waɗansu ƙabilu. Ba ta taɓa jin an tambayi Alhaji Sambo ko shi wace ƙabila ce ba. An dai samu ci gaba, tunda a da arna ake cewa a gaban ido, yanzu sai ka ba da baya.

Ta tafi kotu da Baba Wilfred, dattijon ikilisiyarsu, wanda karatun Littafi Mai Tsarki ya goge masa Hausa har tana ƙyalli. Alƙalin mutum ne mai haƙuri. Yakan bar kowa ya gama maganarsa, ko da ya riga ya yanke hukuncin tun a gida.

“Allah ya gafarta Malam, ni ba rigima na zo yi ba,” in ji Alhaji Sambo. “Mutanenmu ne tun zamanin mahaifina. Duk shekara kwandon farko na wannan ɗorawa gidanmu yake zuwa. Ga ta nan, a tambaye ta.”

“Matar Kumai, haka ne?”

Sai Afiniki ta ji sanyi a ranta, don an taɓo abin da take alfahari da shi. A wajensu, wanda ya kwana a gidanka ya ci tuwonka ya zama naka har 'ya'yansa, ba a taɓa amfanin bishiya sai an fitar masa da na farko. Gidan da ya fasa wannan, da shi ake yi wa yara misali.

“Haka ne, ranka ya daɗe. Ko shekara ɗaya bai wuce ba. Da miji na ya mutu ma, ni ya ɗauka a kai na, ya kai har Kafanchan.”

“Madalla. Gaisuwa ke nan.”

“Ba gaisuwa ba. Abin baƙo ne. Baban shi ruwa ya tare shi a garin mu, ya kwana a ɗakin suruki na.”

“To su me suke ba ku?”

“Gishiri. Wani lokaci kanwa.”

“Alheri ke nan,” in ji alƙali, yana murmushi irin na mai koya wa yaro tafiya. “Abin da ya sauko daga sama alheri ne, abin da ya hau daga ƙasa gaisuwa. Ba ni na ƙago Hausa ba.”

“Wane sama, ranka ya daɗe? Baban shi da jaki ɗaya ya zo, jakin ma gurgu.”

Dariya ta kuɓuce wa 'yan bayan kotu. Alhaji ya miƙe tsaye. “Ka ji arniyar nan ko!”

Alƙali ya ɗaga hannu ya raba laifin daidai wa daida. Na Alhaji suɓul da baka ne, ɗan Adam ajizi. Nata rashin kunya ne, kada ta ƙara.

Aka kira Baba Wilfred. “Dattijo, in kun ɗauki kwandon nan za ku birni, me kuke cewa kun tafi yi?”

A yarensu abin yana da suna, gajere, kowane yaro ya san shi. Amma Baba Wilfred ya sa farar rigarsa ta Lahadi, bai ga kuma yadda zai saki yare a gaban manya ba, a ce masa baƙauye. Ya laluba Hausarsa mai ƙyalli, ya ɗauko abin da kowa ke faɗa a tasha in an tambaye shi ina zuwa da kaya.

“Ranka ya daɗe, mukan ce za mu kai gaisuwa. Amma fa...”

“Ya isa. Dattijo ba ya ƙarya, Allah ya yi maka albarka.”

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Wanda ake kai wa gaisuwar bishiya shi ke da bishiya. Gona ta Afiniki ce, ba wanda zai taɓa mata ko zangarniya ɗaya, don kotu ba ta zalunci. Masu fartanya kuma an yi musu afuwa, albarkacin haƙurin Alhaji.

A waje, ƙarƙashin mangwaro, Afiniki ta dubi tsohon. “Baba, har kai?”

“Mama, da wace kalma zan faɗa? Tamu ba ta shiga kotu.”

“Da ka faɗe shi haka nan. Su su nemi tafinta.”

Ya tsaya yana kakkaɓe rigarsa.

Masu gatari suka dawo tun ɗorawar ba ta nuna ba, wannan karon da ɗan doka. Maƙwabta suka tsaya daga nesa, hannu ba komai, don yanzu sun san sunan fartanya. Da bishiyar ta faɗi, Afiniki ta shiga cikin rassan tana tsinke ɗanyun 'ya'yan tana zubawa a zani.

“Alhaji, ga matar nan tana sata!” in ji wani mai gatari.

“Kai, bar ta,” in ji Alhaji Sambo da ƙarfi, yadda na nesa za su ji. “Sadaka ce.”

Har cikin kasuwar Kafanchan aka kai labarin kirkinsa. Ita kuwa da ta isa gida ta ɓare 'ya'yan, ta tarar kalwar ba ta ƙosa ba, ko daddawar miya ɗaya ba za ta yi ba. Ta juye wa awaki.