Tsumman Ƙafar Saje Toktosun

Sun ci kilomita goma sha huɗu cikin dusar ƙanƙara lokacin da Saje Toktosun ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Mutum takwas da ke biye da shi suka zubar da jakunkuna a gindin wani dutse, numfashin kowa na fita fari kamar tururin tukunya. Saura kilomita shida su isa sansani, rana kuwa ko karkata ba ta yi ba. Ya waiwaya, ya hango ayarin maƙwabcinsa Jirgal can a ƙasan kwari, har yanzu suna fama da hawa. Daɗi ya cika masa ciki, har ya ji kunyar yawan daɗin.

Toktosun ba sojan kullum ba ne. Direban bas ne tsakanin garuruwan Narin da At-Bashi, mai ƙaton gashin baki da son shayi da madara. Amma duk shekara idan sanyi ya kai maƙura, takarda takan zo, sai ya miƙa wa ƙaninsa makullin mota, ya ciro kakinsa daga akwati, ya tafi atisayen kwana goma tare da sauran sojojin ko-ta-kwana. Shekara goma sha tara ke nan yana yi. Bana ce ta ƙarshe, don bazara na zuwa zai cika hamsin, za a cire sunansa daga jerin. A duk shekarun nan, ko sau ɗaya ba a taɓa kiran sunansa ya fito gaban layi ba, ko don yabo ko don faɗa.

Abin ba zai dame shi ba in ba don ƙusar nan ba. Ranar da ya fara tafiya atisaye, matarsa Burul ta kafa ƙusa a bangon ɗakin baƙi, daf da hoton mahaifinsa mai lambobin yabo a ƙirji, ta ce nan za a rataya takardar yabonsa. Burul mace ce da ba ta janye magana. Ta hana a rataya ko kalanda a wurin. Mutum ɗaya ne kawai ke amfani da ƙusar, wato Jirgal mahauci, maƙwabcinsu kuma abokin wasansa tun suna yara. Duk ranar da ya shigo shan shayi, da gangan yake rataya hularsa a kai, yana cewa kada a bar ƙarfe ya yi zaman banza.

To bana Kyaftin ya yi alkawari. Ayarin da ya fara isowa daga tattakin kilomita ashirin da mutanensa cur, ba wanda mota ta ɗauko, sajensa zai karɓi agogo mai sunansa a baya, haɗe da takardar yabo, a gaban kowa. Ga shi kuwa Toktosun ya ba Jirgal tazarar rabin awa.

"Takalma," in ji shi. "Kowa ya cire."

"Haba Yaya Toktosun," in ji Beishen mai faci, yana haki. "Agogo na jiranmu, kai kana neman ka shaƙi warin ƙafa? Ɗazu fa ka duba."

"Ɗazu ba mu tsallake rafi ba. Cire, ko in cire maka da kaina."

"Wallahi matata ba ta san yatsuna kamar yadda ka san su ba."

"Ita ai Allah ya rufa mata asiri."

Suka yi dariya suna kwance igiya. Wannan dokar Toktosun ce, ba ta littafi ba. Duk zango sai ya ga ƙafar kowa da idonsa, ya matsa yatsa ya ga ko jini ya dawo. Shi kansa ba ya sa safa. Tsumma yake naɗawa, dogon ƙyalle mai laushi, irin yadda mahaifinsa ya koya masa. Idan gefe ɗaya ya jiƙe, sai ya juya, busasshen ya rufe yatsu, jiƙaƙƙen ya koma ƙauri inda ɗumin jiki zai busar da shi. Rabin ayarinsa sun koya a wurinsa a ɓoye. Kyaftin, wanda a haife Toktosun ya haife shi, ya taɓa ganin tsumman a kan igiyar shanya, ya tambaya ko daga gidan tarihi aka aro shi.

Mutum bakwai suka miƙo ƙafa. Na takwas yana tsaye can gefe yana gyara igiyar jakar da ba abin da ya same ta. Mederbek ne, malamin lissafi a makarantar sakandare, mai shekara talatin da takwas, mutum mai kunya da kirki. Wannan ne sanyinsa na farko a cikinsu.

"Malam, kai muke jira."

"Tawa lafiya lau, Yaya. Ba ta ma yi mini ciwo."

Jin haka sai gaban Toktosun ya faɗi. Ƙafar da ke ciwo cikin sanyi tana da rai. Wadda ta yi shiru ita ake tsoro. Ya dubi wandon malamin, ya ga ƙafar hagu ta sandare da ƙanƙara har gwiwa.

"Zauna."

Da ƙyar takalmin ya fita. Safa uku ya sa, ɗaya kan ɗaya, masu kauri, saƙar matarsa. Kuskuren sabon shiga ke nan, yana ganin yawan safa shi ne yawan ɗumi, bai san ya shaƙe jinin ƙafarsa ba ne. Dukkan ukun sun sha ruwa sun daskare. Da aka zare ta ƙarshe, yatsu uku sun yi fari fat, da tauri kamar kyandir. Toktosun ya matsa. Jini bai dawo ba.

"A rafi ne?"

"Ƙanƙarar ta fashe da ni," in ji Mederbek, kansa a ƙasa. "Ba wanda ya gani."

"Awa guda ke nan, Malam! Bakinka ma ya daskare ne?"

"Kowa ya san zancen ƙusar, Yaya. Ban so a ce ni na hana ka."

Toktosun bai san zancen ya kai nan ba, kuma ya san bakin wane mahauci ne ya kai shi. Beishen ya matso, ya rage murya.

"Yaya, mu goye shi. Mu takwas ne, karɓa-karɓa. Kyaftin cewa ya yi ba wanda mota ta ɗauko, bai ce ba wanda aka goyo ba."

"Zan iya tafiya da kaina," in ji Mederbek. "Kilomita shida ne kawai. Don Allah."

Gaskiya Toktosun ya so. Ya so ƙwarai, har ya fara lissafi a zuci. Da goyo za su yi awa biyu, wataƙila har yanzu su riga Jirgal. Ya ga agogon a hannunsa, ya ga fuskar Burul. Amma ya san abin da awa biyu cikin iskar nan za su yi wa yatsun nan uku. Ya taɓa ganin irinsu a ƙafar wani makiyayi da ya ɗauko a bas, sun koma baƙi, likitan Narin ya yanke. Mutumin da zai wuni a tsaye gaban allo kuwa yana bukatar yatsunsa.

Ya ɓalle maɓallan babbar rigarsa, ya ɗaga ta ciki, ya kama ƙafar malamin ya manna a fatar cikinsa, ya rufe. Sanyin ya ratsa shi har haƙora.

"Wayyo tumbina! Beishen, miƙo oba-oba."

Da hannu ɗaya ya kira sansani, ya faɗi inda suke, ya ce a turo mota, mutum ɗaya, ƙafar hagu. Da ya ajiye, Mederbek ya rufe fuska da hannu.

"Bar kukan tukuna," in ji Toktosun. "Yanzu jini zai dawo, sannan za ka sami dalili."

Haka kuwa aka yi. Bayan minti ashirin malamin lissafi ya fara ihu yana kiran uwarsa, Toktosun kuwa yana ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Suna cikin haka ayarin Jirgal ya iso. Tun daga nesa mahaucin ya buɗe baki.

"A'a! Direba, taya ce ta fashe? Ko fasinja kake jira?"

Da ya matso ya ga abin da ke ƙarƙashin rigar, sai dariyar ta ɗauke. Ya tsuguna, ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ciro gorar shayinsa da dunƙulen busasshen cuku ya tura wa Mederbek.

"In jira ka?" ya ce a hankali. "Mu shiga tare."

"Wuce, mahauci. Mutanenka sun yi gumi, in suka tsaya sanyi zai kama su."

Jirgal ya miƙe ya ja ayarinsa. Toktosun ya bi su da ido har suka sha kwana. Ya ji zafin abin, ba ƙarya. Amma ƙafar da ke cikinsa ta fara motsi, sai ya ga zafin bai kai yadda ya zata ba.

Washegari da safe aka yi faretin rufewa. Mutum kusan hamsin suka jeru a fili, tsaunuka fari fat a bayansu. Toktosun ya goge takalmansa har suna ɗaukar ido, don al'adarsa ce, ba don yana jiran komai ba. Aka kira Jirgal, aka ɗaura masa agogo, aka tafa. Toktosun ya fi kowa ƙarfin tafi. Yana jiran a ce a watse, sai ya ji Kyaftin ya gyara murya.

"Saje Toktosun. Fito gaban layi."

Sai da Beishen ya zungure shi sannan ƙafafunsa suka yarda. Ya fito, ya ƙame, ya sara. Wani ya kawo akwatin katako ya ajiye a gefensa.

"Likita ya kawo mini rahoto," in ji Kyaftin da ƙarfi. "A kwana goman nan mutum goma sha ɗaya sanyi ya taɓa wa ƙafa. Kowane ayari yana da biyu ko uku. Ayarin Saje yana da ɗaya, shi ma yatsunsa duka suna nan, har ya fara damun likita da surutu. Na taɓa tambaya ko daga gidan tarihi aka aro tsummansa. Yau na janye. Ashe da tsohuwar zuma ake magani. Saje, zauna. Cire takalminka."

"Yallaɓai?"

"Cire. Nuna musu yadda ake naɗawa. Kowa ya buɗe ido, baɗi zan tambaya."

Shekara goma sha tara yana mafarkin ranar nan, kuma a duk mafarkin yana tsaye ne da ƙirji a gaba. Ga shi zaune a kan akwati, takalmin da ya sha guga yashe a gefe, ƙafarsa tsirara a sama, da ƙaton farcen babban yatsa wanda Burul ta daɗe tana cewa ya yanke. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Sai ya shimfiɗa tsumman, ya ɗora ƙafa a kusurwa, ya ja, ya naɗe, ya soke bakin, ba ko lanƙwasa ɗaya. Ya kwance, ya juya, ya sake, yana bayani da muryar da yake kiran fasinja. Dariyar ta mutu. Na baya suka fara ɗage suna leƙe. Mai ɗaukar hoton sansani ya durƙusa ya ɗauka.

Bayan mako guda Mederbek ya zo gidan yana ɗingishi, da hoton a cikin gilashi. A bayansa duk mutum takwas sun sa hannu, Kyaftin ma ya sa. Burul ta riƙe shi ta daɗe tana kallo.

"Shekara goma sha tara," ta ce, "kuma ka kasa yanke farcen nan."

Ta goge gilashin da gefen rigarta, ta hau kujera da kanta, ta rataya shi a ƙusar, kusa da na surukinta.

Da yamma Jirgal ya shigo shan shayi, ya naɗe hannun riga ɗaya duk da sanyin da ake yi. Ya cire hula, ya miƙa hannu wajen bango kamar kullum, sai ya yi turus. Ya dubi ƙafar da ke cikin gilashi, ya dubi Toktosun.

"Ƙarfe nawa, mahauci?" in ji Toktosun yana zuba masa shayi.

"Huɗu da kwata."

"To zauna."

Jirgal ya zauna, ya ɗora hular a kan gwiwarsa, kuma a nan ta zauna har ya gama shayinsa.