Sunan Da Inno Ba Ta Faɗa Ba

"Ki ɗaga ni, Saudatu, ba na yi wa baƙi magana a kwance," in ji Inno.

Na tallafe ta na jingina da bango, ba ta fi damin kara nauyi ba. Wayyo Inno, maƙwabciyata da ke ɗauko ƙwaryar nono tun daga Bauranya har kasuwar Kankiya! Ciwon dajin mama ya cinye ta, ni ma jinyar ta gajiyar da ni har ƙashi.

Baƙuwar ita ce Kamila, mai binciken abin da ke sa mata barin magani. Ƙungiyar masu ciwon ce ta kawo ta, don Inno ta nace sai an ji nata kafin ta tafi.

"Inna, me ya sa kika daina zuwa asibiti?" in ji Kamila.

"Mai yankan kati. Kullum sai ya ce in faɗi sunan maigidana. Na yi shiru. Ya ce to in faɗi na ɗan farina. Subhanallahi! Ni da bakina, gaban mutane? Sai ya ce in koma baya in tuno."

"Sau nawa aka yi haka?"

"Har na gaji, ɗiyata. In layi ya sake zuwa kaina, likita ya tashi." Ta numfasa. "Ki ce masu su tambayi ɗan rakiya. Akwai irina da yawa a ruga."

Wallahi kunya ta kama ni. Katanga ɗaya muke, amma ban taɓa sani ba.

Ranar Talata da hantsi jikin Inno ya rikice. Ta ce, "Kira mani wancan." Na kira Bube, ɗan farinta. Ya durƙusa da furfurarsa, ta dafa kansa, leɓenta ya motsa, babu abin da ya fito. Kafin azahar ta cika.

Bayan sadakar arba'in Kamila ta dawo. Ta ce an karɓi maganar, yanzu ɗan rakiya ake tambaya.

"To, madalla," na ce. Ban da ƙarfin murna.

Bube na bakin ƙofa yana ji. Ya shiga ɗakin uwarsa, ya ɗauko ƙwaryar nonon, ya kife ta a kan tabarma, ya zauna kusa da ita.